Ribaɗi a Bakin Gulbi: Wurno, Rabah da Goronyo Tsakanin Fari da Ambaliya

Gulabe biyu ne suka raba gabashin ƙasar Sakkwato, su ne kuma suka haɗa ta. Akwai Gulbin Rima, wanda yake tattaro ruwan Bunsuru da na Gagare da na Gulbin Maraɗi, ya gangaro ta ƙasar Gobir, ya ratsa Goronyo, ya bi ta gindin tudun Wurno. Akwai kuma Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa, ya wuce Gusau da ƙasar Mafara, ya shafi Rabah, kafin su gamu kusa da birnin Shehu su zama ruwa ɗaya. Wanda ya bi waɗannan gulabe da rani, ya ga yashi fari fat yara suna tsallakawa da jakuna, ba zai gaskata ba idan aka ce masa cikin watan Agusta ruwan nan kan shimfiɗu har ido ya kasa hango ɗaya gaɓar. Amma mutanen da suka kafa garuruwan wannan kwari sun san haka sarai, kuma a kan wannan sani suka tsara inda rayayye zai kwana, da inda za a kwantar da mamaci, da inda za a bar wa ruwa ya yi abin da ya ga dama.

Ƙa'idarsu ba ta da wuyar faɗi, ko da yake kiyaye ta ya ɗauki hankali da haƙuri: gari da masallaci da maƙabarta a kan tudu, fadama kuwa ta gulbi ce da damina, ta manomi ce da rani. A wurinsu cikar gulbi ni'ima ce da ake jira, domin ita ke shayar da shinkafar fadama, ta zuba sabuwar laka a gonaki, ta cika tafkuna da kifi, sa'an nan idan ta janye ta bar danshin da mai lambu zai bi da jigo ya fitar da albasa da tafarnuwa, waɗanda har yau da su ake sanin Wurno da Goronyo a kasuwannin Kudu. Ba a kiran ruwa masifa sai ranar da ya ƙetare iyakar da kakanni suka san shi da ita.

Sa'ad da Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, ya karɓi ragamar al'amarin Musulmi bayan wafatin mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, ya tarar da cewa faɗuwar Alƙalawa a 1808 ba ta kwantar da ƙurar Gobir ba, kuma ta wannan kwari na Rima ne hari ya fi sauƙin isowa Sakkwato. Saboda haka, bisa koyi da abin da ya karanta na Musulmin farko da yadda suka tsare iyakokin daula, sai ya ɗauki siyasar kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda ake zama da iyali da dabbobi, ana noma, ana karatu, ana tsaron hanya. Ya wallafa littafi a kan wannan mas'ala mai suna Arribaɗu wal Hirasa, bai kuma tsaya ga rubutu ba: ya zauna a Magariya, daga baya ya koma Wurno a wajen ƙarshen shekarun 1820, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a sauran wuraren. Shinaka, wadda take ƙasar Goronyo a yau, nan ɗansa Aliyu Babba ya yi zaman ribaɗi har sunan garin ya bi shi. Rabah kuwa ta zama mazaunin wani ɗan nasa, Abubakar, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877 aka san shi da Abubakar na Raba.

Abin da ya kamata mai nazarin wannan zamani ya lura da shi shi ne, ribaɗi a wurin Bello shiri ne na raya ƙasa kamar yadda yake shiri na yaƙi. A cikin risalar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, wadda ake kira Usulus Siyasa, ya lissafa wa shugaba wajibin kula da manoma da maƙera da masaƙa da magina, da gina ganuwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Ya kuma yi ta jawo makiyaya su zauna wuri ɗaya, su koyi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Mutumin da tunaninsa ya kai nan ba zai zaɓi mazauni da ka ba. Tudun Wurno dutse ne da ya leƙo bisa fadama, daga kansa ana hango mai zuwa tun yana nesa, ruwa yana kusa ga mai ɗiba, amma ba ya isa ga mai barci. A nan Bello ya koma bayan nasarar yaƙin Gawakuke na 1836, a nan ajali ya same shi a 1837, a nan kuma aka rufe shi, bai koma kusa da mahaifinsa a Sakkwato ba; malamai sun daɗe suna danganta wannan da falalar da ta zo a hadisi game da wanda ya mutu yana murabiɗi, cewa ladan aikinsa ba ya yankewa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tattara labarin halayensa a cikin Alkashfu wal Bayan, ƙanwar Bello Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, hubbarensa kuwa ya zama wurin ziyara har zuwa yau.

Bayansa Wurno ta yi shekaru masu yawa tana kishiyantar Sakkwato a matsayin fadar Sarkin Musulmi. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, a zamaninsa ne kuma Bajamushen nan Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarimu, ya sauka garin da bazarar 1853, ya sake dawowa da daminar 1854 a kan hanyarsa daga Tambutu, ya ga kwarin a halinsa biyu, busasshe da cikakke. Haka aka yi ta tafiya har zuwa Sarkin Musulmi Abdurrahman wanda ya rasu a 1902, watanni kaɗan kafin sojojin Ingila su iso.

To, wannan tsari na tudu da fadama ba al'ada ce kurum ba. Yana da madogara a fiƙihu. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ko jama'a ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, ya yi bayanin raya mataccen fili, da yankan da sarki ke yi wa wani, da makiyayar da ake keɓewa domin maslahar jama'a, da hurumi. A mazhabar Imamu Malik gari yana da huruminsa, gwargwadon inda masu itace da masu kiwo ke zuwa su komo a yini guda. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu shayarwa ba. Kabari kuwa hubusi ne a kan wanda ke cikinsa, ba a nome shi, ba a tone shi, muddin akwai sauran wani abu na mamacin. Da wannan ne dagatai da limamai suka riƙa tsare maƙabarta da masallacin idi da burtali da mashaya, ba tare da taswira ko turken siminti ba, sai dai shaidar dattawa da wata tsamiya ko kuka da kowa ya san ita ce iyaka.

A nan ne wahalar take, kuma ya kamata a dube ta da kyau. Kabarin talakan ƙasar Hausa ba ya ɗauke da suna. Ana haƙa rami, a yi ƙaramin rami a cikinsa daidai faɗin mamaci, a kwantar da shi bisa gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a rufe bakin, a toshe kafofi da ganye da ɗanyar laka, a mayar da ƙasa a yi ɗan tozo, a yayyafa ruwa, a ɗora ƙaya saboda namun dawa, a yi addu'a a watse. Bayan damina biyar ko shida tozon ya kwanta, ƙayar ta ruɓe, ciyawa ta rufe wurin, har ya zamana baƙon da ya zo da na'urar awo, komai kyawun niyyarsa, ba abin da zai gani sai fili mai kyau wanda ya dace da hanyar ruwa ko wurin ɗibar jar ƙasa. Tawali'un da shari'a ta koya mana a wajen binne mamaci shi ne ya sa maƙabartunmu ba sa bayyana a takardar mai tsara aiki, sai fa idan ya tambaya.

Tsarin magabata ya yi aiki muddin gulbi yana bin ɗabi'arsa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, jikan Abubakar na Raba, wanda aka haifa a Rabah ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934, ya tashi ne a garin da rayuwarsa duka take rataye da hawan ruwa da saukarsa. An sha yunwa kafin zamaninsa da cikinsa, Kakalaba ta 1914 ba ta bar kowa ba, amma gulbin da ya sani shi ne wanda kakansa ya sani. Abin da ya sauya al'amari shi ne babban farin da ya auka wa ƙasashen bakin Sahara daga 1972 zuwa 1974, wanda ya zo daidai da shigowar kuɗin man fetur, sai hukuma ta ƙudurta cewa maganin fari shi ne a kama ruwa a ɗaure. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Aka gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, bango mai tsawon fiye da kilomita 12, wanda aka yi domin ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ba mai musun amfanin da aka samu, domin birnin Sakkwato yana sha daga ruwan Goronyo, dubban manoma kuma suna noman rani da shi. Amma labarin manoman Bakolori da aka karkashe a 1980 saboda neman diyyar gonakinsu sananne ne, kuma binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ya nuna cikar gulbi ta ragu, shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Duk waɗannan ayyuka an yi su ne kafin dokar 1992 wadda ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli tun ba a fara shi ba. Idan gonar rayayye mai bakin magana ta sha wannan wuya kafin a ƙirga ta, mai karatu ya ƙiyasta rabon da kushewa ta samu.

Akwai wata illa ta madatsa wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce tana sa mutane su saki jiki. Idan aka yi shekara goma, ashirin, ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba, jama'a kuma tana ƙaruwa, tudu yana cika, sai a fara gangarowa da gidaje, a bi su da masallaci, a bi su da maƙabarta, har ƙa'idar nan ta kakanni ta zama labari. Sa'an nan sai ga daminar 2010. Ruwa ya cika madatsar Goronyo fiye da kima, aka buɗe ƙofofinta a farkon Satumba, ruwa ya ci ƙauyen Kagara. Bayan mako guda mafitar ruwan ta ɓalle, ambaliya ta bi kwarin tun daga Goronyo da Wurno har Kware da Wamakko, ta shafe ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ke shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba a cika shekara takwas ba, a farkon 2018, sai ga wannan madatsa ɗin ta ƙafe har abin da ya rage a cikinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, saboda ƙarancin ruwan daminar da ta gabata da kuma yashin da ya taru a cikinta. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da sauyin yanayi idan aka sauko da shi daga taron ƙasashe zuwa bakin Rima: ruwan sama yana zuwa a dunƙule cikin 'yan kwanaki, ya ɗauke a lokacin da ake bukatarsa, ƙasar da aka sare itatuwanta kuma ba ta riƙe shi, sai ya kwashe ta ya zuba a gulbi.

A ganina hubbaren Bello ba shi ne abin da ya fi shiga haɗari ba. Yana kan tudun da mai shi ya zaɓa, yana da masu hidima, yana da zuriya masu faɗa a ji, kuma ranar da katangarsa ta tsage za a ji labari har Abuja. Abin tsoro yana ga waɗanda ba su da mai magana: maƙabartun ƙauyukan fadama da aka tayar bayan ambaliya aka bar matattunsu a baya, guntayen ganuwar ƙananan ribaɗai da kwazazzabai ke ci kowace damina, masu yin tubali kuma suna ƙarasa sauran, littattafan da ke cikin gafaka a ɗakunan ƙasa na gidajen malamai, waɗanda dare ɗaya na ruwa ya isa ya narkar da tawadar da ta yi shekara ɗari da hamsin. Haka nan kufan Alƙalawa, can sama a ƙasar Sabon Birni, a bakin wannan gulbi ɗaya. Kada wani ya ce ai birnin abokan gaban jihadi ne. Gobirawa suna nan, Musulmi ne, tarihinsu ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi umurni da tafiya cikin ƙasa domin duban ƙarshen waɗanda suka gabata, umurnin da ba zai yiwu a bi shi ba idan an bar gurabunsu sun shafe. Na san malamanmu sun yi saɓani mai tsawo a kan gini bisa kabari da ladubban ziyara, ba kuma nufina in shiga tsakaninsu ba. Iyaka dai ban san ɓangaren da ya halatta a bar ruwa ya tone ƙasusuwan Musulmi alhali ana iya hanawa ba.

Magabata ma sun gamu da irin wannan. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa ruwan kwari ya tone kabarin sahabbai biyu daga shahidan Uhudu, Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, shekara 46 bayan yaƙin, aka haƙa domin a sauya musu wuri. Daga irin wannan ne malaman mazhaba suka halatta ɗauke mamaci zuwa wani wuri idan ana tsoron ruwa zai ci kabarinsa, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. Hukuncin yana nan a littattafan da ake karantawa a zaurukan Wurno da Rabah. Abin da ya rage shi ne a san inda kaburburan suke tun ruwa bai iso ba, domin bayan ya iso babu sauran zaɓi. Da aka datse Kwara a Kainji a 1968 an gina wa mutanen Bussa sabon gari, tsohuwar Bussa kuwa da duk abin da ke cikin ƙasarta tana ƙarƙashin tafki. A Masar, da madatsar Aswan ta yi barazana ga gine-ginen Fir'aunoni na Abu Simbel, sai da duniya ta taru aka yayyanka dutsen aka hau da shi tudu. Bambancin wuraren biyu shi ne an rubuta ɗaya a lissafi tun kafin a fara aiki.

Ginin ƙasa kuma yana da nasa sharaɗi, wanda yake shi ne hidima ta kowace shekara. Kafin saukar damina magini kan hau soro ya duba azara, ya share bakin indararo, ya toshe tsaga, ya bi bango da sabon yaɓe wanda aka kwaɓa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, domin ruwa ya zame ya wuce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka raina wannan sana'a, aka koma lulluɓe tsohon bango da siminti, sai danshi ya riƙa shiga ta ƙasa ya rasa mafita, ginin yana ruɓewa a ciki alhali fuskarsa tana sheƙi. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamani ɗaya da kafuwar Wurno, ya rufta a kan masallata. A Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram. A Tambutu kuwa, da aka tashi mayar da hubbarorin waliyyan da aka rusa a 2012, gidajen maginan garin aka nema, su suka yi aikin da ƙasar wurin.

Yanzu kuɗin gyaran muhalli ya sake shigowa Arewa. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya ratsa. A 2021 Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi, a ƙarshen shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Za a yashe madatsai, a toshe kwazazzabai, a dasa itatuwa, a ja sababbin hanyoyin ruwa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai taɓa ƙasa. A cikin ƙa'idojin bankin akwai babi guda sukutum a kan kayan gado na al'umma, har da abin da ɗan kwangila zai yi idan ya ci karo da kabari yana tsakiyar haƙa. Wannan ya yi kyau, amma cin karo da kabari da bakin katafila ya riga ya zama makara. Abin da ya fi shi ne, da rani, kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, a fita da ƙafa tare da liman da mai unguwa da masu haƙar kabari da Sarkin Ruwa da ardon makiyaya, su nuna inda tsohuwar maƙabarta ta tsaya, da inda ruwa ya kai a 2010, da inda ganuwa ta bi, a rubuta, a sa a taswira, a ajiye kwafi a fadar hakimi da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Itatuwan da za a dasa ma, babu inda suka fi samun mai tsaro kamar kewayen maƙabarta, inda ko mai neman itacen girki yake jin nauyin ɗaga gatari.

Sai dai masu wannan sani ba duka ne suke zaune inda aka san su ba. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yulin 2018, wanda ya kwararo da jama'a zuwa Gandi, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ƙauyuka da dama na wannan yanki sun watse, mutanensu suna zaman gudun hijira a manyan garuruwa, gonakinsu da maƙabartunsu suna can ba mai leƙawa. Wanda aka ɗora wa aikin rubuta hurumin waɗannan ƙauyuka, sai ya fara da bin dattawansu zuwa Gandi da Rabah da Goronyo da unguwannin bayan garin Sakkwato, ya zauna da su da takarda da alƙalami, ƙauye bayan ƙauye.